Kafin Ka Ƙetare Iyaka

Sharhinmu na yau na matafiya ne, da masu ɗaure kaya, da iyayen da 'ya'yansu ke can wata ƙasa suna nema. Da ku nake, mutanen Ikara da Paki da Saulawa, da na Maƙarfi da Gubuci da Tashar Yari, da na Kudan da Hunƙuyi da Likoro. Da wuya ka shiga unguwa a garuruwan nan ka rasa gidan da ke da mutum a waje. Wani yana Makka ko Jidda, wani yana Maraɗi ko Agadas, wani yana Kumasi, wani ɗalibi ne a Alƙahira. Wata kuma an ce tana aikatau a wata ƙasar Larabawa, an daɗe ba a ji muryarta ba, uwarta tana kwana da waya a ƙarƙashin matashi.

Ba hana kowa tafiya na zo yi ba. Bahaushe matafiyi ne tun fil azal. Kakanninmu sun yi fatauci zuwa Gwanja sayen goro, suna watanni a hanya da jakuna kafin su isa kasuwar Salaga. Wasu sun taka da ƙafa zuwa Makka, su yi noma a Sudan shekara biyu ko uku su tara guzuri, sannan su ƙara gaba. Garin Mai Wurno da ke bakin Kogin Nilu a Sudan, mutanenmu ne suka kafa shi bayan yaƙin Burmi na 1903, jikokinsu suna can har gobe. Amma waɗancan mutane ba da ka suke tafiya ba. Kowane ayari yana da madugu, mutumin da ya san inda rijiya take, ya san inda ake biyan fito, ya san sarkin da ake kai wa gaisuwa da dajin da ba a kwana. Jagaba yana gaba yana duba hanya. In an isa zango, akwai mai masauki da zai karɓi baƙi, ya adana musu kaya, ya nemo dillali, in rigima ta taso ya tsaya musu. Babban abin lura shi ne, madugu da ransa da dukiyarsa suna cikin ayarin. In 'yan fashi suka tare hanya, har da shi. In ruwa ya ƙare, tare za a ji ƙishirwa. Saboda haka ba ya yi wa mutane ƙarya a kan hanya.

Yau wanda ya gaji madugu shi ne ejan, shi kuwa ejan ba ya tafiya da kai. Ya karɓi kuɗinka a Zariya ko Kano, ya raka ka tasha ko filin jirgi, ya koma gida ya kwanta. Abin da zai same ka a can, kai kaɗai zai sama. Akwai na kirki a cikinsu, masu rajista da ofis da suna da suke tsoron ɓatawa. Amma tun da mai nuna hanya ya daina bin hanyar, dole sanin da madugu ke riƙewa ya dawo kan matafiyi da kansa. Wannan sanin nake so mu tattauna.

Mu fara da fasfo. Ka je ofishin hukumar shige da fice da ƙafarka, a ɗauki hotonka da hoton yatsunka. Sunan da ke kan lambarka ta ɗan ƙasa, wato NIN, shi za a sa, da ranar haihuwar da ke ciki. Kada ka yarda wani ya ce zai rage maka shekaru ko ya canja maka suna don aiki ya yi sauri. Ƙasashen duniya yanzu yatsa suke dubawa kafin suna. Mutumin da aka taɓa korowa daga Saudiyya ya koma da sabon suna, na'ura za ta gane shi tun a filin jirgin Jidda, ya yi asarar kuɗin jirgi, ya ƙara laifi a kan laifi. Akwai fasfo mai shafi 32 na shekara 5, akwai mai shafi 64 na shekara 10. Ka duba ranar da naka zai ƙare, domin ƙasashe da dama ba sa karɓar wanda bai da sauran wata 6 a gaba. In ya fito, ka ɗauki hoton shafin da fuskarka take a waya, ka yi kwafi biyu, ɗaya a cikin kayanka nesa da fasfon, ɗaya a gida wajen wanda ka amince da shi.

Sai biza, kuma a nan ne aka fi cutar mutanenmu. Biza iri-iri ce, kowace da abin da ta halatta maka. Ta ziyara daban, ta Umra daban, ta aiki daban, ta Hajji daban. Ejan zai ce maka, "Alhaji, kai dai ka shiga, in ka shiga komai mai sauƙi ne." Ba haka ba ne. Manomin rake a Maƙarfi ba ya sayar da gona, ɗan kasuwa kuma ba ya sayenta, sai an shiga ciki an zaga, an duba kaurin sanda, an karya an ɗanɗana, an yi ciniki gaban shaidu. To don me mutumin da ya iya wannan zai sayar da shanunsa ya miƙa kuɗin a kan takardar da bai san abin da aka rubuta a cikinta ba? Muna da malaman Larabci a kowace unguwa, muna da 'yan boko, ga Zariya nan kusa. Ka kai takardar a karanta maka baƙi da baƙi: wace irin biza ce, kwana nawa aka ba ka, daga yaushe ake fara ƙirga, sunan wa aka rubuta a matsayin mai ɗaukar nauyinka. Yawancin bizar yanzu ana iya tantance ta a intanet, yaro mai waya zai duba maka cikin 'yan mintuna.

Abin da ya faru a Hajjin 2024 ya isa wa'azi. Zafi ya haura digiri 50 a Makka. Hukumomin Saudiyya sun ce mutum 1,301 suka rasu, kuma kashi 83 cikin ɗari na mamatan ba su da izinin Hajji. Sun shiga da bizar ziyara, ba su da tanti a Mina ko Arfa, ba su da motar da za ta ɗauke su, suna tafiyar ƙafa mai nisa cikin rana, suna tsoron neman taimako kada a kama su. Allah Ya jiƙan su. A 2025 aka sa tarar da ta kai riyal 20,000 ga wanda aka kama yana neman yin Hajji ba izini, a koro shi, a hana shi shiga ƙasar shekara 10. Mai niyyar Hajji daga yankinmu, hanya a buɗe take: jami'in alhazai na ƙaramar hukumarka, wanda ke ƙarƙashin hukumar jin daɗin alhazai ta Jihar Kaduna, ko kamfanin jirgin yawo da hukumar NAHCON ta ba lasisi. In kamfani ne, ka nemi ganin lasisin da idonka, ka biya ta banki, ka riƙe rasit. Wanda bai sami iko ba bana, Allah bai ɗora masa ba. Ba ibada ba ce mutum ya jefa kansa cikin halaka da karya doka.

Ga wata magana da nake roƙon kowa ya maimaita wa tsofaffinsa kafin su tashi: kada ka riƙe wa kowa kaya. A filin jirgi za ka ga mace mai kamala, da hijabi har ƙasa, ta matso kusa ta ce, "Baba, don Allah kayana sun yi nauyi, ga 'yar ledar nan ta kuka da daddawa, ɗiyata za ta karɓa a Madina." Kunya za ta kama ka, domin an tarbiyyantar da mu a kan taimako. Ka ba ta haƙuri, ka ƙi. Hukuncin safarar ƙwaya a Saudiyya kisa ne, kuma an zartar da shi a kan 'yan Najeriya, har da mace a watan Afrilun 2019. Wani lokaci ma ba sai ka karɓa ba. Mun tuna ɗalibar nan ta Kano da aka kama a masaukinta a Madina a watan Disamban 2018, bayan an sami ƙwayar tiramol a wata jaka da aka liƙa wa sunanta a filin jirgi ba da saninta ba. Ta yi wata huɗu a tsare kafin bincike ya wanke ta, aka sake ta a ƙarshen Afrilun 2019. Darasin da ke ciki ƙarami ne amma yana ceton rai. Idan aka auna jakarka, ma'aikaci zai liƙa mata doguwar takarda, ya ba ka 'yar ƙaramar shaida mai lamba, galibi a bayan tikiti ko fasfo. Ka tsaya a wurin ka ƙirga. Jaka biyu ka bayar, shaida biyu za ka gani. In ka ga uku, kada ka matsa daga gaban teburin sai an yi maka bayani. Ka ɗauki hoton jakunkunanka kafin su wuce. Goro kuma, duk son da muke masa, an hana shiga da shi Saudiyya, hukumar alhazai tana nanata wannan kowace shekara. Haka garin magani da aka ƙulle a leda ba suna. Mai ciwon suga ko hawan jini ya tafi da maganinsa cikin kwalinsa na asali, da takardar likita.

Tun da mun taɓo lafiya, katin rigakafin shawara, wannan mai launin ɗorawa, ana tambayarsa a Saudiyya da Gana da ƙasashe da yawa. Allura ɗaya ce ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Masu sayen kati ba tare da allura ba, jikinsu suke cuta. Maniyyata kuma akwai ta sanƙarau da ɗigon shan inna, a tsaya a yi su.

Yanzu bari in juyo ga iyaye, musamman iyaye mata, da zawarawa, da 'yan matan da ake yi wa romon baka da aikatau a ƙasashen Larabawa. Na san halin da ake ciki. Na san taki ya yi tsada, tumatir yakan faɗi warwas a kaka, mace da marayu huɗu ba ta da mai ba ta. Idan wata hajiya ta zo da zoben gwal ta ce akwai aikin gida a Riyad ko Maskat, ba sai an biya ko kwabo ba, in an je a riƙa cirewa a albashi, wa zai ga laifin wadda zuciyarta ta karkata? Amma wannan "ba sai an biya ba" shi ne igiyar. Bashin da ba a rubuta adadinsa ba, ba ya ƙarewa. A ƙasashen nan akwai tsarin kafili, wato takardar zamanki, igama, tana rataye da sunan wanda ya ɗauke ki. Saudiyya ta sassauta tsarin a watan Maris na 2021, ta ba ma'aikata damar canja wurin aiki, amma gyaran bai haɗa da masu aikin gida da direbobin gida da makiyaya ba, su ne kuwa ayyukan da ake kai mutanenmu. Idan wahala ta yi yawa kika gudu, mai gida ya kai rahoto cewa kin tsere, kina iya zama mai laifi, ƙarshenta tarhil, gidan da ake tsare waɗanda za a koro. Dokar Saudiyya ta hana mai gida riƙe fasfon ma'aikaci, amma ana yi, kuma wadda ba ta san dokar ba ba za ta nemi haƙƙinta ba.

Don haka kafin a ce to, a nemi takardar yarjejeniya, a karanta: nawa ne albashi, wane gari, gidan wa, shekara nawa, akwai ranar hutu, wa zai biya kuɗin jirgin dawowa, za a bar ta da wayarta? Kamfanin da ke kai mutane aiki waje sai da lasisin ma'aikatar ƙwadago ta tarayya. Wanda ya ji haushin waɗannan tambayoyi, ya ce ana zarginsa, to ya riga ya ba ku amsa. Yarinyar da ba ta kai shekara 18 ba kuwa, a ƙara mata shekaru a fasfo a tura ta, wannan safarar mutane ce ko da iyayenta ne suka sa hannu. Hukumar NAPTIP, wadda aka kafa a 2003, tana da ofis a Kano, aikinta kenan, a kai mata ƙara.

Samarinmu masu kallon arewa, hanyar Agadas zuwa Libiya ko Aljeriya, ku ma ku saurara. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawar mutum 92 a hamadar arewacin Nijar kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, Hausawa irinmu daga kudancin Nijar. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta gama da su. Wanda ya tsallake hamada ma bai tsira ba. Aljeriya tana kwaso baƙi marasa takarda ta sauke su a kan iyaka, su taka kusan kilomita 15 cikin rairayi kafin su isa Assamaka. A Libiya kuwa, duniya ta ga hotunan cinikin mutane a ƙarshen 2017, kuma har yau akwai gidajen da ake tsare baƙo a bugo wa danginsa waya yana kuka a turo kuɗi. Abokinka da ya turo hoto yana jingine da mota mai tsada bai turo maka hoton ɗakin da suke kwana su goma sha ba. Ka tambayi wanda ya dawo, ka zauna da shi ku biyu ba a majalisa ba, zai faɗa maka abin da ba ya faɗa a bainar jama'a.

Maƙwabta fa? A nan ne muka fi sakaci, saboda in ka shiga Maraɗi ko Damagaram ba ka jin ka bar gida. Harshe ɗaya, addini ɗaya, fura ɗaya, ga auratayya. Duk da haka wata ƙasa ce, da tutarta da jandarmominta da dokarta da aka rubuta da Faransanci. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga wata ba biza ya zauna kwana 90, da sharaɗin yana da takardar tafiya da katin rigakafi. Kwana 90 aka ce. Wanda zai zauna ya yi sana'a, sai ya nemi takardar zama. Kuma al'amura sun canja game da wannan yarjejeniya: Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a ranar 29 ga Janairun 2025. Mun kuma ga yadda Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023. Mai rake ko barkono ko mazarƙwaila da zai bi ta Jibiya ko Kongolam, kada ya dogara da yadda ya tarar bara. Ya tambayi direban da ya ƙetare a makon nan, ya ji abin da ake nema a shingen, sannan ya loda kaya. Ya bi ta ƙofa, a buga masa hatimi. Ɓarauniyar hanya tana da sauƙin shiga, amma ranar da wani abu ya same ka a ciki, babu inda aka rubuta ka shigo.

A kasuwar Nijar kuma a kula da lissafi. Da dala suke ƙirga, dala ɗaya sefa 5 ce, kuma in suka ce jaka, sefa 1,000 suke nufi, alhali mu jakarmu naira 200 ce. Kafin ka ce na saya ko na sallama, a rubuta adadin a waya kowa ya gani.

Wanda ke ganin daɗewa a gari ta isa ta zama takarda, ya tambayi tsofaffin da suka dawo daga Gana. A ranar 18 ga Nuwamban 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Akwai Hausawa da Yarbawa da aka haifa a zangon Kumasi da Ankara, ba su san wata ƙasa ba, suka sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance, suka hau manyan motoci. Mu ma mun yi irinta a Janairun 1983, zamanin Shugaba Shehu Shagari, muka kori baƙi marasa takarda, 'yan Gana kusan miliyan ɗaya a ciki. Duk lokutan biyu tattalin arziki ne ya tsuke, kuma duk inda abinci ya yi wuya, baƙo ake fara kallo. Ranar da haka ta faru, maƙwabcin da kuka yi shekara talatin tare zai yi maka kuka, amma ba shi da ikon tsayar da motar. Don haka mazauna waje, ku sabunta takardunku tun ana zaman lafiya, ku yi wa 'ya'yanku takardar haihuwa, kuma kada ku zuba duk abin da kuka tara a wuri ɗaya. Ɗan fili ko gona a gida ba asara ba ce.

In ka sauka lafiya, aikin farko neman mutanenka. Sai da ɗan gari akan ci gari. A Gana akwai sarkin zango, a garuruwa da yawa na Afirka akwai sarkin Hausawa, a jami'o'i akwai ƙungiyar ɗaliban Najeriya. Ka je ka gaishe su, su san da zuwanka. Daga nan ka kai sunanka ofishin jakadancin Najeriya, ka ajiye lambarsu a takarda, domin waya tana ɓata. Mutane suna raina wannan sai rana ta ɓaci. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023, dubban ɗalibanmu suna Khartum, da yawansu 'yan Arewa. Da aka zo kwashe su a motoci zuwa iyakar Masar da Port Sudan, jerin sunaye aka bi, ta hannun ofishin jakadanci da shugabannin ɗalibai. Waɗanda suka isa iyaka ma sun yi kwana da kwanaki a can kafin a bar su su wuce. Iyayen da ke da kwafin fasfon ɗansu da sunan makarantarsa sun fi samun bakin tambaya. Akwai kuma hukumar kula da 'yan Najeriya mazauna waje, NiDCOM, a Abuja, dangi suna iya kai mata kuka.

Zaman baƙunci kuma yana da ladabinsa. Siyasar masu gida ba taka ba ce. Mu a nan mun saba, a majalisa ko a Facebook mutum ya faɗi abin da ya ga dama a kan gwamna ko shugaban ƙasa, ya kwana lafiya. Akwai ƙasashen da rubutu ɗaya a waya ke kai mutum kurkuku na shekaru, Saudiyya tana ciki. Kada ka ɗauki hoton barikin soja ko shingen jami'an tsaro, kada ka ɗauki hoton matan mutane. Kada ka tara jama'a ka yi wa'azi ko ka karɓi taimakon masallaci ba izini, komai kyan niyyarka. Bara laifi ne a dokar Saudiyya, kuma yana zubar da mutuncin duk wanda ke riƙe da koren fasfo. Layin waya da asusun banki da ke da sunanka, kada ka ara wa kowa, domin duk abin da aka aikata da su kai za a nema. Kuɗin da ya haura dala 10,000 na Amurka, doka ta ce ka bayyana wa kwastan lokacin fita ko shigowa Najeriya. Ka koyi harshen mutane, ko da gaisuwa da ƙirga da yadda za ka ce ba ni da lafiya. Kuma duk takardar da ɗan sanda ko mai gida ya miƙo maka, in ba ka iya karanta ta ba, kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa sai an kawo tafinta.

Akwai kuma waɗanda ka bari a baya, su ma suna cikin tafiyar. Mun san matan da mazajensu suka tafi da alkawarin shekara ɗaya, yau shekara bakwai, ba aike ba saki, mace tana rataye, ita ba matar aure ba ita ba bazawara ba, yara suna tambaya. Wannan zalunci ne, kuma nisa ba ya sauke nauyin ci da sha da sutura. Kafin ka tafi ka zauna da iyalinka ku yi magana a fili: wa zai riƙe gona, wa zai riƙa awo, in an kai lokaci kaza ba ka dawo ba me za a yi. Bashin da ake bin ka da wanda kake bi, a rubuta. In abin bai yi kyau a can ba, ka dawo. Da yawa kunyar dawowa hannu rabbana ce ke riƙe su a wahala, mu kuma na gida da baƙar maganarmu muke ƙara musu. Wanda ya dawo da ransa a yi masa barka, a ba shi wuri ya zauna.

Kada mu manta mu ma masu masauki ne. 'Yan'uwanmu na Nijar suna cikinmu, masu shayi, masu gadi, masu ga-ruwa, 'yan ci-rani da ke zuwa aikin rake da lambu. Abin da muke so a yi wa ɗanmu a Agadas ko Jidda, shi za mu yi musu: a biya su haƙƙinsu a kan lokaci, kada a yi amfani da rashin takardarsu a danne musu kuɗi. Su ma muna ba su shawara su gabatar da kansu ga mai unguwa, su riƙe shaidarsu.

Roƙona na ƙarshe ga iyayen ƙasa ne, hakimai da dagatai da masu unguwanni, da limaman Juma'a na ƙananan hukumomin nan uku, Ikara da Maƙarfi da Kudan. A garuruwanmu ba a ɗaura aure sai da waliyyi da shaidu, ba a sayar da gona sai mai unguwa ya sani. Mutum ya fi gona. A mayar da shi al'ada, duk wanda zai ɗauki ɗanmu ko 'yarmu zuwa wata ƙasa aiki, ya zo zauren mai unguwa da kansa, ya nuna lasisinsa da katin shaidarsa, a rubuta sunansa da adireshin ofishinsa da garin da za a kai yaron, a karanta yarjejeniyar da ƙarfi gaban uba da shaidu biyu, a ajiye kwafi a wajen dagaci. Wannan ba ya buƙatar kasafin kuɗi ko doka daga Kaduna, littafi ɗaya ne da biro. Mai gaskiya zai zo da murna, domin kariya ce gare shi shi ma. Limamai kuma su ware huɗuba guda kafin lokacin Umrar azumi da kafin tashin maniyyata, su faɗi waɗannan abubuwa da Hausa, domin tsohuwar da za a miƙa wa leda a filin jirgi ba ta karanta sanarwar hukuma, amma ɗanta yana zuwa masallaci.

Allah Ya kai matafiyanmu lafiya, Ya dawo mana da su lafiya.